Ko Mai Laifi Yana Shiryuwa? Sharhi kan Hali, Tuba da Hukunci a Ƙasar Katagum

A duk lokacin da aka kama wanda ake zargi da satar babur ko akuya ko buhun gero a Giade ta jihar Bauci da ƙauyukan da ke kewaye da ita, muhawarar da kan ɓarke a majalisu da bakin masallatai takan fara ne daga girman abin da aka sata, amma ba ta daɗewa sai ta koma kan wata tambaya da ta girmi kotu da 'yan sanda, wato ko mutumin da hannunsa ya saba da kayan mutane yana iya dainawa. Amsar da kowa ya riƙe a ransa game da wannan tambaya, ko da bai taɓa furta ta ba, ita ce ke tsara irin hukuncin da yake ganin ya dace. Wanda ya yarda cewa ɗan Adam yana shiryuwa yakan nemi a hora mai laifi, a karɓo wa mai kaya haƙƙinsa, sannan a ba shi damar komawa cikin mutane. Wanda kuma ya haƙiƙance cewa mugun hali ba ya fita, shi ba ya ganin amfanin komai sai a kawar da mutumin daga idon jama'a, ko ta doguwar ɗauri, ko ta kora daga gari, ko kuma ta abin da ya fi waɗannan muni, wato ɗaukar doka a hannu.

Harshen Hausa ya adana ra'ayoyin biyu, kuma mutum guda yakan yi amfani da kowannensu gwargwadon wanda abin ya shafa. Akan ce hali zanen dutse, akan kuma kira tuban wanda ba a yarda da shi ba tuban muzuru. A ɗaya ɓangaren akan ce ɗan Adam ajizi ne, kuma hannu ba ya ruɓewa a yanke a yar. Abin lura shi ne, maganganun farko sun fi fitowa idan ɗan wani ne ya yi laifin, na biyun kuma sukan fito ne idan ɗan gida ne aka kama, lokacin da dattawa kan tafi wurin mai unguwa ko dagaci neman a kashe magana a gida. Wannan bambanci yana nuna cewa yarda da shiryuwar mutum tana da alaƙa da saninsa, domin wanda ya san yaro tun yana rarrafe ya san cewa satar da ya yi ba ita kaɗai ce tarihinsa ba, alhali baƙo ba a san komai nasa ba sai laifin da aka kama shi da shi.

Masana halayyar ɗan Adam sun yi nazarin wannan al'amari. A shekarun 1990, Carol Dweck da abokan aikinta a Amurka sun raba mutane gida biyu dangane da yadda suke kallon hali, wato masu ganin cewa hali kafaffe ne wanda mutum ke rayuwa da shi har kabari, da masu ganin cewa abu ne da ke ƙaruwa ko raguwa ta hanyar tarbiyya da ƙoƙari. Sun gano cewa rukunin farko sun fi saurin yanke wa mutum hukunci daga aiki guda, sun fi dogara da kamanninsa da shigarsa wajen ƙaddara ko ya aikata laifi, kuma sun fi karkata ga azabtarwa, yayin da rukuni na biyu suka fi tambayar dalili da neman hanyar gyara. A 2009 kuma Shadd Maruna da Anna King suka wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa jama'a a Ingila, inda ya bayyana cewa yarda ko rashin yarda da shiryuwar mai laifi tana cikin abubuwan da suka fi ƙarfi wajen nuna wanda zai goyi bayan hukunci mai tsanani. Ma'anar wannan ita ce, mutum biyu suna iya ƙin sata daidai wa daida, su kuma tausaya wa wanda aka yi wa satar daidai wa daida, amma su saɓa a kan abin da za a yi wa ɓarawon, saboda ɗaya yana ganin sauran alheri a tare da shi, ɗayan kuma ya riga ya fid da rai.

Irin wannan ra'ayi idan ya shiga zukatan masu mulki yakan zama doka. A 1974 wani masani Ba'amurke, Robert Martinson, ya fitar da sharhi kan bincike 231 da aka yi game da shirye-shiryen gyaran fursunoni, aka kuma fahimci sharhin nasa da cewa babu wani shiri da ke aiki. 'Yan siyasa suka rungumi wannan fahimta, kuma ko da yake shi kansa Martinson ya janye wani ɓangare na maganarsa a 1979, ba a saurare shi ba. Tare da wasu dalilai, wannan fid da rai ya taimaka wajen tsananta dokoki, har jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1994 da ke ba da damar ɗaurin shekara 25 zuwa rai da rai ga wanda ya aikata babban laifi karo na uku. Yawan ɗaurarru a gidajen yarin jihohi da na tarayyar Amurka ya tashi daga kimanin 200,000 a farkon shekarun 1970 zuwa sama da miliyan ɗaya da rabi a 2009.

Sai dai abin da bincike mai dogon zango ya nuna ya saɓa wa wannan fid da rai. Kusan a duk ƙasar da aka ƙididdige, aikata laifi yakan kai ƙololuwa ne a ƙarshen shekarun samartaka, sannan ya riƙa raguwa yayin da mutum ke manyanta. John Laub da Robert Sampson sun bi diddigin rayuwar yara 500 masu laifi na birnin Boston, waɗanda aka fara nazarinsu tun wajen 1940, har zuwa lokacin da suka kai shekara 70, kuma a littafin da suka fitar a 2003 sun nuna cewa mafi yawansu sun daina, har da waɗanda aka yi zaton ba za su taɓa dainawa ba. Abubuwan da suka fi juya rayuwarsu su ne aure mai ɗorewa, da sana'a tsayayya, da rabuwa da tsofaffin abokai. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da mutum zai iya samar wa kansa shi kaɗai, domin aure sai an ba shi, aiki sai an ɗauke shi, sababbin abokai kuma sai sun yarda su zauna da shi. A nan ne ra'ayin jama'a yake zama wani ɓangare na sakamakon, tun da al'ummar da ta yanke cewa tsohon ɗaurarre ba zai shiryu ba takan hana shi ainihin abubuwan da shiryuwar ke bukata, in ya koma ruwa kuma sai ta ɗauki komawar tasa hujjar cewa dama ta faɗa.

Ga mutanen ƙasar Katagum, waɗanda malamansu ke karantar da Ahalari da Risala a zaure tun kafin a san waɗannan masana, batun ba baƙo ba ne, kuma fiƙihun Malikiyya ya yi masa tsari mai zurfi wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗalibi tun a farkon Ahalari yake koyon cewa tuba tana da sharuɗɗa, wato nadama kan abin da ya wuce, da barin saɓon nan take, da ƙudurin rashin komawa, kuma malamai sun haɗa da mayar da haƙƙi ga masu shi idan laifin ya taɓa wani. Saboda haka tuba a wannan ma'ana aiki ne da ake iya gani da ido, ba furuci kawai ba. A Suratul Ma'ida, bayan an ambaci hukunci mafi tsanani kan hiraba, wato tare hanya da makami domin ƙwace ko kisa, ayar da ke biye ta keɓe waɗanda suka tuba kafin a ci ƙarfinsu. Ibn Abi Zaid ya bayyana a Risala cewa wanda ya zo da kansa yana mai tuba, haƙƙin Allah na haddi ya faɗi daga kansa, amma ana bin sa haƙƙoƙin mutane na dukiya da na jini. Haka kuma mai kisan ganganci da magada suka yafe wa, a mazhabar Malikiyya ba a sakin sa haka nan, sai an yi masa bulala ɗari an kuma tsare shi shekara guda. Wato an buɗe ƙofar komawa, amma ba a buɗe ta a kan wuyan wanda aka zalunta ba.

Mas'alar da ta fi fito da saɓanin fili ita ce ta mai ƙazafi, wato wanda ya jefi wani da zina ba tare da shaidu huɗu ba. Suratun Nur ta yanke masa bulala tamanin, ta kuma hana karɓar shaidarsa, sannan ta keɓe waɗanda suka tuba suka gyara. Imamu Abu Hanifa ya tafi a kan cewa tubarsa tana kankare masa sunan fasiƙanci amma ba ta dawo masa da matsayin shaida, yayin da Imamu Malik da Imamu Shafi'i suka tafi a kan cewa idan tubarsa ta tabbata, halinsa na kirki ya bayyana, to ana karɓar shaidarsa. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin karɓar shaidar mutum a gaban alƙali yana nufin an yarda maganarsa ta yanke hukunci a kan dukiya da mutuncin wani, kuma mazhabar da ake bi a wannan ƙasa ta amince tsohon mai laifi ya kai wannan matsayi. Abin tambaya shi ne yadda al'ummar da alƙalinta zai karɓi shaidar tubabbe za ta ƙi sayen kayan shagonsa ko ta ƙi tsayawa sahu ɗaya da shi da zuciya ɗaya.

Tarihin Musulunci ya ƙara wa wannan ƙarfi. Fudailu ɗan Iyad ɗan fashi ne a farkon rayuwarsa, ya ƙare yana cikin manyan masu zuhudu a Makka, malamai suna karɓar hadisi daga gare shi. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha yi wa bulala saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. A hadisin mutumin da ya kashe rai casa'in da tara, mai ibadar da ya ce masa ba shi da tuba shi ne ya zama na ɗari, malamin da ya ce masa ƙofa a buɗe take kuma bai tsaya nan ba, sai da ya umarce shi da ya bar garin da ya saba ɓarna a cikinsa ya koma cikin mutanen kirki, wanda shi ne abin da masu binciken Boston suka gano bayan ƙarnoni masu yawa. Labarin Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, shi kuma ya nuna iyakar abin, domin an karɓi Musuluncinsa, ba a taɓa shi ba, amma Manzon Allah ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. Karɓar tubabbe ba ya wajabta wa wanda aka ɓata wa ya manta zafin abin da aka yi masa.

Duk da haka, masu shakka suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba, kuma Arewa ta ga abin da ya isa ya sa kowa shakka. Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, ya miƙa makamai a Gusau a Fabrairun 2021, ya rantse da Alƙur'ani cewa ya tuba, sannan a Afrilun 2021 ya koma daji, inda aka kashe shi a wani faɗa da wasu 'yan bindiga. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi sulhu da 'yan bindiga a 2016 da 2019, daga baya ya fito ya ce sun ci amana. Shirin gwamnatin tarayya na karɓar tubabbun Boko Haram, wanda aka fara a 2016 kuma yake da sansani a Malam Sidi ta jihar Gombe, ya gamu da ƙorafi mai zafi daga 'yan gudun hijira, waɗanda ke ganin ana koya wa wanda ya ƙona musu gida sana'a alhali su suna zaune a sansani. Mutumin Giade da ya ji waɗannan labarai a rediyo ba za a zarge shi ba idan ya kammala da cewa tuba yaudara ce.

Amma idan aka auna irin sulhun da aka yi da 'yan bindiga da ma'aunin Risala, za a ga cewa abin da ya rushe afuwa ce marar sharaɗi. Ba a bi waɗanda suka tuba da haƙƙin jini da na shanun da suka kora ba, ba a nemi yardar magada ba, da yawansu ba su rabu da dazukansu da yaransu da sauran makamansu ba, kuma ba a ba lokaci dama ya gwada gaskiyarsu ba. Kuskure ne babba a ɗauki hukuncin shugaban 'yan bindiga mai ɗaruruwan mayaƙa a ɗora wa saurayi ɗan shekara goma sha tara da ya ɗauki waya a kasuwa, amma haka tunanin jama'a yake tafiya idan tsoro ya yi yawa, kuma ƙananan masu laifi su ne ke biyan bashin da manya suka ci. Ƙungiyar Amnesty International ta ƙididdige aƙalla mutum 555 da hukuncin gungun jama'a ya rutsa da su a Nijeriya tsakanin Janairun 2012 da Agustan 2023, kuma kisan mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025 ya nuna yadda zato kaɗai ke isa idan wanda ake zargi baƙo ne.

Ya kamata kuma a faɗi cewa yarda da shiryuwa ita ma tana iya haifar da zalunci idan ta rasa ilimi. Iyayen da suka kai 'ya'yansu gidajen mari sun kai su ne da fatan za su gyaru, amma abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki, azaba ce da aka kira tarbiyya.

A takarda, dokar Nijeriya ta riga ta zaɓi ɓangaren masu yarda da shiryuwa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi dakatar da hukunci da kuma aikin hidimar al'umma a madadin ɗauri ga ƙananan laifuka. A Agustan 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari hukumar gyaran hali, ta kuma kafa sashe na musamman domin hukuncin da ba na ɗauri ba, wanda ya haɗa da sakin talala, wato sallamar ɗaurarre kafin wa'adinsa ya cika bisa sharuɗɗa da sa ido, da kuma sulhu tsakanin mai laifi da wanda ya cuta. Dokar ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya cancanta, ta kuma hana a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda zaman da ya yi. Ko tsarin mulkin 1999 shekara goma ya ɗiba wa wanda aka samu da laifin rashin gaskiya kafin ya sake tsayawa takara, bai hana shi har abada ba. A aikace kuwa, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a ma tabbatar da laifinsu ba, kuma a Nuwambar 2023 sai da ma'aikatar cikin gida ta tara naira miliyan 585 kafin aka sallami mutum 4,068 da talauci kaɗai ya riƙe saboda sun kasa biyan tara. Saurayin da aka kai gidan gyaran hali na Azare kan ƙaramin laifi, ya yi watanni cikin waɗanda suka fi shi gogewa, yana iya fitowa da ilimin ɓarnar da bai shiga da shi ba. Tun da gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar gidajen gyaran hali, gwamnatin Bauci ba ta da uzurin cewa wannan aikin Abuja ne kaɗai, balle ma jihar ta daɗe da sanin matsalar matasa tun zamanin da 'yan sara-suka suka addabi babban birninta.

Gari irin Giade, inda kowa ya san gidan kowa, yana da rauni da ƙarfi a wannan fage a lokaci guda. Rauninsa shi ne tabo ba ya ɓoyuwa, domin wanda ya dawo daga ɗauri sunansa yakan riga shi isa gidan da zai nemi aure da garejin da zai nemi koyon aiki, kuma duk abin da ya ɓace a unguwa ƙofarsa ake fara bugawa, har takaici ya sa ya tattara ya tafi Azare ko Kano ko Legas, inda babu mai saninsa balle mai kwaɓarsa. Ƙarfinsa kuma shi ne, sa idon da gwamnatoci ke kashe maƙudan kuɗi suna ɗaukar ma'aikata domin yi, a nan liman da mai unguwa da kawu da maƙwabci suna iya yin sa, kuma su ne suka fi kowa iya bambance tuban gaskiya da na baki, tun da suna ganin wanda ke fitowa sallar asuba, da wanda ya koma gona, da wanda ya je ya nemi gafarar mai akuya ya fara biyansa kaɗan-kaɗan.

Saboda haka kira ya tafi ga alƙalan kotunan majistare da na shari'ar Musulunci a wannan yanki da su riƙa amfani da biyan diyyar ɓarna da hidimar al'umma a ƙananan laifuka, musamman ga wanda ya yi na farko, maimakon tura shi ɗauri. Hakimai da dagatai na wannan yanki su san duk wanda ya dawo daga gidan gyaran hali a yankinsu, su haɗa shi da wani dattijo da zai tsaya masa, su kuma tabbatar an biya wanda aka cuta haƙƙinsa kafin a nemi ya yafe. Shugabannin ƙungiyoyin makanikai da teloli da kafintoci da 'yan acaɓa su karɓi irin waɗannan matasa bisa lamunin iyayensu, su gwada su da ƙaramar amana kafin babba. Limamai kuma su karantar da hukuncin tubabbe a huɗuba kamar yadda suke karantar da hukuncin ɓarawo, 'yan sintiri su miƙa duk wanda suka kama ga hukuma da ransa da lafiyarsa.